Daga Rumbu Zuwa Buhu: Waiwaye a Kan Tarihin Cimar Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wani abu ne da ya faru da mu a aji. Muna koya wa ɗalibanmu na babbar sakandare insha'i, sai muka ce kowa ya rubuta yadda ake yin tuwon dawa, tun daga rumbu har zuwa akushi. Da muka zauna duba takardu, sai muka tarar mafi yawansu daga injin niƙa suka faro. Kaɗan ne suka ambaci surfe, waɗanda suka san bambancin sussuka da sheƙa da bakace kuwa ba su kai a ƙirga ba. Wani yaro ma ya tambaye mu ko dauro sunan gari ne. Mun yi dariya a lokacin, amma da muka koma gida sai abin ya tsaya mana a rai, domin yaran nan jikokin manoma ne, kuma daga cikinsu ne marubutan gobe za su fito.

Saboda haka muka ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihin abincinmu na gado tare da 'yan'uwa marubuta, mu ga inda ya samo asali, da hikimar da ke cikinsa, da kuma yadda aka yi rumbu ya fara ba buhu wuri.

Asalin Hatsinmu

Gero ɗan ƙasa ne na haƙiƙa. Masana kimiyyar tono kayan tarihi sun samo ɓurɓushinsa a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali, wanda ya nuna cewa an yi kimanin shekaru 4,500 ana noma shi a wannan yanki namu na bakin Sahara. Daga nan ne ya bazu har ya kai ƙasar Indiya. Mutanen Nok, waɗanda suka shahara da gumakan yumɓu a kudancin jihar Kaduna ta yau, su ma gero da wake suka noma. Dawa kuwa daga gabas ta zo mana, domin a gabashin Sudan, wajen Kasala, aka sami alamun nomanta na kimanin shekaru 5,000. Wake da acca 'yan Afirka ta Yamma ne. Hatta shinkafa muna da tamu ta gado, wato jar shinkafar nan da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara cikin Mali, wadda mutanen Kabi da Sakkwato suka daɗe suna nomawa a fadamun Rima.

Akwai kuma baƙin da suka zo suka zama 'yan gari. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su shigo Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Ke nan sarakunan Kano na farko, daga Bagauda har zuwa Yaji, ba su taɓa ɗanɗana ƙuliƙuli ko miyar tumatir ba. Wannan ya nuna mana cewa kakanninmu ba masu ƙyamar baƙon abu ba ne. Abin da suka yi shi ne, sun karɓi abin da ƙasarsu za ta iya fitarwa, suka shuka shi a gonarsu, suka ba shi suna da harshensu.

Baƙin da suka ziyarci ƙasar nan sun shaida yalwarta. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci yawan hatsi da shinkafa da audugar ƙasar Kano a littafin da ya kammala a 1526. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma sanya ƙasarta cikin wurare mafi albarkar noma da ya sani. Dubi kuma ganuwar biranenmu. An yi ta da faɗi ƙwarai har ta kewaye gonaki da kududdufai, domin ko abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya, mutane su sami inda za su shuka abin kai wa baka.

Hikimar Gona da Rumbu

Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa damina a ƙasarmu ba ta da tabbas. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri ya ɗauke da wuri, wata shekara ya yi jinkiri, wata kuma ya yi tsalle a tsakiya har shuka ta ƙone. A kan wannan rashin tabbas aka gina dukkan tsarin nomanmu na gado.

Da farko dai manomi ba ya dogara ga iri guda. Yakan shuka gero da ruwan fari, wanda kan nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, ya cece shi daga yunwar tsakiyar damina. A tsakanin geron yakan gitta dawa, farafara ko ƙaura, wadda ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke. Akwai maiwa mai jinkiri, akwai dauro da ake dasawa. Daga baya sai a bi da wake a ƙarƙashi, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ya ƙara mata ƙarfi, ya ba mutum abinci, ya ba dabba harawa. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Shekaru da dama malaman gona na zamanin Turawa suna ganin wannan gaurayen shuka a matsayin rashin tsari, sai daga baya binciken da aka yi a Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken noma tun 1922, ya nuna cewa manomi ya san abin da yake yi.

Na biyu shi ne taki. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona guda kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Wani masani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Sirrin abin shi ne jaki da mangala. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da toka da shara da kashin dabbobi a zuba a gona. Da kaka kuma Fulani kan sauka a gonaki, shanu su ci kara su bar taki, matan Fulani su ba da nono da man shanu su karɓi hatsi. Furar da muke damawa da nono shaida ce ta wannan tsohuwar amana tsakanin manomi da makiyayi.

Na uku su ne itatuwan gona. Manomi ba ya sare kuka ko ɗorawa ko tsamiya ko kaɗanya, domin a jikinsu miyarsa da daddawarsa da kununsa da mansa suke. Gawo kuwa abin al'ajabi ne, domin da damina yake zubar da ganye, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Har yau a Damagaram ana ba da labarin irin tsananin hukuncin da sarakunanta suka tanadar wa mai saran gawo.

Na huɗu shi ne rumbu kansa. Hatsin da aka adana a dami, da zangarniyarsa, yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. A tsarin gandu, maigida ne ke riƙe da rumbun gida, kuma akwai rumbun da ba a buɗewa sai damina ta sauka, lokacin da ake buƙatar ƙarfin yin noma. Ƙanne da 'ya'ya suna da gayaunarsu, mata ma suna da abin da suka ajiye. Bayan wannan ga zakka, dami ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, ga gayya, ga kyauta da rance tsakanin dangi. Idan kuma abin ya ƙi gaba ɗaya, tsofaffi sun san abin da daji ya tanada: tafasa, yaɗiya, rama, lalo, aduwa, goruba, kanya, ɗinya, magarya, da anza wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita.

Ba muna cewa zamanin da aljanna ba ne. An yi yunwa, an yi fara, an yi yaƙe-yaƙe, kuma gumin bayi ne ya cika rumbunan sarakuna da attajirai da yawa. Matanmu kuma sun sha wahalar turmi da dutsen niƙa tun asuba. Abin da muke cewa shi ne, mutanen nan sun san ƙasarsu, sun kuma gina cimarsu daidai da halinta.

Zuwan Jirgi da Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Cikin 'yan shekaru suka mayar da haraji na tsabar kuɗinsu, wuri ya daina aiki. Manomin da ya saba fitar da hakkin sarauta daga abin da ya noma, yanzu tilas ya nemo sulalla, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu, amma manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, suka rungume ta. Daga nan aka shiga zamanin dalar gyaɗa, wanda sunan Alhaji Alhasan Ɗantata ya yi fice a cikinsa.

Sai ga shi a 1913 ruwa ya ƙi. Gonaki da yawa an ba gyaɗa, rumbuna da yawa an taɓa su don biyan haraji. Yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta hallaka dubban mutane daga ƙasar Kano da Katsina har zuwa Damagaram. Mutane sun tona gidajen tururuwa suna neman ƙwayar hatsi.

Abin lura ga marubuci shi ne yadda talakawa suka adana wannan tarihi cikin sunaye, ba tare da alƙalami ba. Yunwar 1927 ita ce Mai Buhu, domin a lokacin ne aka ga hatsi na zuwa cikin buhuna maimakon a ciro shi daga rumbu. Ta 1942 ita ce 'Yar Gusau, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hukuma ke tara hatsi da ƙarti don ciyar da aikin haƙar kuza a Jos. Akwai Muda ta wajajen 1954. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun sa wa yunwar 1984 suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a shekarar. Wani masani, Michael Watts, ya zauna a ƙasar Kaita ta Katsina ya rubuta babban littafi a kan wannan al'amari a 1983. Abin kunya ne a gare mu a ce baƙo ya tattara waɗannan sunaye da Turanci, mu kuwa masu abin ba mu mayar da su labari da Hausa ba.

Zamanin Mai da Burodi

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kuma kori mutane daga ƙauyuka. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dala ta rushe ba ta sake tashi ba. A daidai wannan lokaci ne kuɗin man fetur suka ɓarke. Naira ta yi ƙarfi, ya zamana sayo shinkafa daga Amurka da Tailan ya fi sauƙi a kan saye daga manomin gida. Jiragen ruwa suka dinga sauke alkama a Ikko, gidajen burodi suka cika birane, mai shayi ya kafa teburinsa a inda mai koko da ƙosai take zama.

Mu da muka tashi bayan wannan zamani mun ji daga iyayenmu cewa a da shinkafa abincin Sallah ce da biki, alkama kuwa 'yar lambu ce da ake yi wa alkaki da finkaso da gurasa don manyan baƙi. Cikin shekaru ƙalilan sai suka zama abincin yau da kullum, har suka zama ma'aunin wayewa. Dunƙulen Maggi ya shiga tukunyar da daddawa ke sarauta, daga baya a shekarun 1990 taliyar Indomie ta zo ta kama yara.

Gwamnatoci ba su zauna haka ba. Janar Gowon ya fito da shirin haɓaka noman abinci a 1972, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da nasa na ciyar da ƙasa a 1976, Shugaba Shehu Shagari ya kawo shirin juyin noma a 1980. An gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa. An gina ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, inda a 1980 rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, rayuka suka salwanta. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta hana alkama a 1987, daga baya duk aka janye hanin. Idan muka duba da kyau za mu ga cewa mafi yawan kuɗin da aka zuba, a kan alkama da shinkafa da masara aka zuba su, wato amfanin da ke son ruwa da yawa da takin zamani. Alkama ma ba ta yi sai da sanyin hunturu. Gero da dawa, waɗanda suka ɗauki nauyin talaka shekaru dubbai, su ne aka bari a baya kamar 'ya'yan bora.

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mun ga gaskiyar wannan a 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, farashin alkama ya tashi a duniya, burodi ya yi tsada a Kano da Maraɗi. Bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar Naira, a farkon 2024 mata masu gurasa a Kano sun fito kan titi suna kukan tsadar fulawa. Wanda cikinsa ya dogara ga jirgin ruwa, rikicin da bai san mafarinsa ba ma sai ya hana shi kalaci.

Alamun Farfaɗowa

Duk da haka ba a rasa abin ƙarfafa zuciya ba. Daga 1983, a yankin Maraɗi, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo suka koma ga barin kututturan itatuwa su tofo a gona, ana yi musu sassabe ana kula da su maimakon a tumɓuke. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Dabarar kakanni ce aka share wa ƙura. Haka kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda juriyarsu ga fari da kuma amfaninsu ga jiki. A biranenmu ma mun ga fura da nono sun shiga shaguna da firiji, garin kunu da na ɗanwake sun shiga leda, zogale da acca sun sami daraja a wurin masu kula da lafiyarsu. Injin surfe da na niƙa kuma sun sauke wa mata nauyin da ya sa da yawansu suka guji tuwo tun farko.

Kira Ga Marubuta

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu ɗauki littattafan hikayoyinmu, musamman na soyayya da suka yi tashe tun tsakiyar shekarun 1980, mu duba abin da muke ɗora wa taurarinmu a kan tebur. Idan gidan Alhaji ne, sai soyayyiyar shinkafa da kaza da lemon kwalba. Tuwon dawa miyar kuka ba ya fitowa sai an zo bayanin talauci, ko an kawo baƙauyen da za a yi wa dariya, ko ana so a nuna muguntar kishiyar uwa. Yarinyar da ta karanta irin wannan littafi hamsin, me muke zaton za ta ɗauki tuwon gidansu? Mu da kanmu muka taya aka kunyata abincin da ya raine mu.

Ba muna kira a daina cin shinkafa ko burodi ba ne, mu ma muna ci. Roƙonmu uku ne. Na ɗaya, mu yi wa cimarmu adalci a rubutu, mu bar jarumi mai ilmi da wadata ya sha fura ya ci burabusko ba tare da an nemi uzuri ba. Na biyu, mu ceci kalmomi. Gumba, tsaki, talge, ruɗe, gaya, ɗumame, ƙaiƙayi, dusa, rufewa, kowace ɗaya tana ɗauke da wani aiki da wani sani, kuma ranar da kalmar ta mutu sanin ma ya bi ta. Na uku, mu je wurin tsofaffinmu da takarda da abin ɗaukar magana tun suna raye. Waɗanda suka ga Kakalaba sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan a zaurukanmu da tsakar gidajenmu. Mu tambaye su me aka ci, wa ya taimaki wa, wa ya ɓoye hatsi, wace uwa ce ta ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su yi barci da sa rai. A cikin amsoshinsu akwai littattafan da ba a rubuta ba tukuna.

Kammalawa

Mun ga cewa gero da dawa da wake sun daɗe a ƙasar nan fiye da kowace masarauta, kuma kakanninmu sun haɗa su da taki da itatuwa da rumbu da zumunci don su tsare kansu daga yunwa. Mun ga yadda harajin kuɗi da gyaɗa, sannan kuɗin mai da abincin jirgi, suka raunana wannan tsari. Ga shi kuma damina sai ƙara rikicewa take yi, jama'a na ƙaruwa, rashin tsaro ya hana manoma da yawa zuwa gona a Zamfara da Katsina da wasu wurare. A irin wannan hali, sanin da ke cikin rumbu ya fi ƙarfin a bar shi ya ruɓe.

Mu dai a namu ɓangaren mun sake ba ɗaliban nan aikin, amma a wannan karo muka ce kowa ya je ya tambayi kakarsa kafin ya rubuta. Takardun da suka dawo sun fi na farko tsawo da daɗin karatu, har mu malamai muka tsinci kalmomin da ba mu sani ba. Muna fata 'yan'uwa za su gwada irin wannan a gidajensu, su aiko wa wannan mujalla abin da suka samo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya kuma yi wa alƙalumanmu jagora, amin.